Katin bashi ga wanda yake kan Universal Credit

Baban_yara_Bradford:
Assalamu alaikum. Tun da aikin ma'ajiyar kaya ya ƙare, Universal Credit nake karɓa, wato tallafin gwamnatin Birtaniya ga marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi. Injin wanki ya mutu, ga yara uku. Banki zai ba ni katin bashi kuwa?

Hajiya_Leeds:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasu masu ba da katin suna ƙirga tallafin a matsayin kuɗin shiga, amma ruwan da suke ɗorawa kan irinmu yakan haura kashi 30 cikin 100 a shekara. Kada ka yi ta nema barkatai, kowace nema tana barin alama a rahotonka na Experian, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Ni dai ban ga amfanin katin ba. Ka nemi Budgeting Advance, wato rancen da gwamnati ke ba masu karɓar tallafin, ta asusunka na Universal Credit. Babu ruwa, a hankali ake cirewa daga tallafinka, kuma mai yara yana iya samun har fam 812. Sai dai ka yi wata 6 kana karɓa.

Ɗan_Zinder:
Malam, banda tsadar, akwai zancen riba. Bi shawarar Hajiya.

Baban_yara_Bradford:
Na wuce wata 6, Hajiya. Gobe zan nema, insha Allah.