Wa ke cin ribar hankalinmu?

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda manhajojin sada zumunta ke riƙe hankalinmu, abin da aka fi nanatawa shi ne mutum ya fara gane yadda kasuwar take. Facebook da YouTube da TikTok ba sa karɓar ko sisi daga yawancin masu amfani da su. Masu talla ne ke biya, kuma gwargwadon daɗewarka kana kallo, gwargwadon ribar kamfani. Shi ya sa aka ƙera shafin da ba shi da ƙarshe, kana ja yana zuwa. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro dabarar a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadama.

Shawarwarin da suka shafi mutum shi kaɗai ba a daɗe a kansu ba: a kashe sanarwar manhajoji sai ta saƙon mutane, a hana bidiyo kunna kansa, waya ta kwana nesa da gado.

Ja-in-jar ta kaure ne kan laifin wa. Wasu suka ce kowa ya ja wa kansa linzami. Ni dai na fi karkata ga masu cewa babu adalci a bar yaro ɗan shekara 13 ya yi kokawa da injiniyoyin da aikinsu kenan su riƙe shi. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna Facebook ya san manhajarsa ta Instagram na cutar da wasu 'yan mata. Don haka aka ce dole doka ta shigo, irin ta Tarayyar Turai da ta hana amfani da bayanan yara wajen aika musu talla.

Masu ƙera manhaja kuwa, an roƙe su su sa rufe asusu ya zama da sauƙi kamar buɗe shi.