Kek ɗina yana lotsawa a tsakiya, ƙasansa kuma ya ƙone

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kek ya gagare ni.

Ba ni da oven, a tukunya nake gashi a kan gas. Ina zuba yashi a ƙasa, in bari ya ɗau zafi, in ɗora gwangwanin kek a kai in rufe. Da gwangwanin madara nake awo: fulawa 4, sukari 1 da rabi, sai bota giram 250, ƙwai 6, bekin foda cokalin shayi 2. Bota da sukari sai na buga su sun yi fari kafin in fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya.

Minti 20 na farko yana tashi gwanin sha'awa. Daga nan sai tsakiyar ta lotsa kamar an danna da bayan ludayi. In na soka tsinke a gefe ya fito fes, a tsakiya ya fito da ɗanyen kwaɓi, alhali ƙasan ya riga ya yi baƙi har da ɗaci.

Na rage wuta, ya shafe awa 1 da rabi, gefen ya bushe ƙamas. Na sayo sabon bekin foda, na daina buɗe murfi, na ƙara yashi, duk kanwar ja ce. Karo na 4 ke nan, ga ƙwai da bota sun yi tsada, yara kuma gefe kawai suke yanka su ci.

Yaya zan yi tsakiyar ta gasu kafin ƙasan ya ƙone? Na gode.