Sandar giya tana rawa idan na taka totur ko na sake shi: bushin kurosmemba ne?

Matuƙi:

Assalamu alaikum jama'a. Motar mai giyar hannu ce, tana ja da ƙafafun baya, sandar giyar kuma a kan giyabos take kai tsaye. Idan na taka totur sai sandar ta karkata gefe guda, da na sake shi ta dawo da ƙarfi, wani lokacin har a ji ƙwam daga ƙasa. Ya fi yawa a giya ta ɗaya da ta biyu da kuma ribas. Amma idan mota tana tsaye injin a kashe, sandar ba ta da lilo sosai, giyoyi suna shiga daidai. Na leƙa ƙasa na ga robar da ke tsakanin wutsiyar giyabos da kurosmemba, wato ƙarfen nan da ya gitta shasi yana ɗauke da giyabos, ta jiƙe da mai. Canza robobin nan zai isa? Kuma ta yaya ake fitar da su ba tare da an sauke giyabos ba?

Bakanike:

Wa alaikumus salam Malam. Bayanin da ka yi ya riga ya raba matsalar gida biyu. Sandar da ke lilo mota na tsaye, giya a ciki, injin a kashe, laifin ƙananan bushin ɗin gindin sandar ne ko mahaɗanta. Wadda kuwa ba ta motsi sai an taka ko an saki totur, giyabos ɗin ne gaba ɗaya ke motsi, sandar tana bin sa ne kawai. Injin idan yana murɗa farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, shi ma yana ƙoƙarin juyawa ta ɗaya ɓangaren, robobin sitin, wato waɗanda injin da giyabos ke zaune a kansu, su ne ke tare shi. A ƙananan giyoyi da ribas ƙarfin murɗawar ya fi yawa, shi ya sa ka fi ganin abin a nan.

Ka tabbatar tukuna kafin ka sayi kaya. Ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi kariya, ka taka birki, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗan saki kuloci har injin ya fara nauyi, sannan ka mayar. Yi haka a ribas ma. Wani ya tsaya a gefen mota yana kallon injin, kada ya tsaya gaba ko baya. Bayan haka a kashe injin, a ɗora motar kan istan, wato ƙafafun ƙarfe da ake tokare mota da su, ka sa liba tsakanin wutsiyar giyabos da kurosmemba ka ɗan banƙara sama. Roba mai lafiya za ta ɗan miƙe ta tare ka. Wadda ta mutu za ka ga ta rabu da ƙarfenta, ko ta tsage, ko ta zauna har ƙarfe na gogar ƙarfe ya bar wuri mai ƙyalli.

Ga yadda aikin yake. Motar ta zauna kan istan a ƙasa mai tauri kuma miƙaƙƙiya, jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa. Fesa man kwance tsatsa a duk notuna ka bar shi ya ratsa. Zana alama da alli ko fenti a inda kurosmemba ya haɗu da shasi, domin a motoci da yawa ramukan dogaye ne, kana iya mayar da shi a karkace ba ka sani ba. Sa jak a ƙarƙashin jikin giyabos da katako mai faɗi a tsakani, ka guji kwanon man injin da wurin notin zubar da mai. Ɗaga shi har ya karɓi nauyi, kwance notunan sitin, sannan ka ƙara ɗagawa santimita ɗaya zuwa biyu, ba fiye ba. Ka riƙa duba sama, saboda idan wutsiya ta hau ko ta sauka da yawa, gaban injin ma yana motsi, fanka tana iya taɓa murfinta, tiyon lagireto da wayoyi su miƙe. Idan salansa tana rataye a jikin kurosmemba ko giyabos, kwance maratayin tun farko. Daga nan sai bol ɗin shasi, kurosmemba ya sauko.

Idan sitin ɗin na ɗaurawa ne da bol, cire tsoho ka sa sabo, shi ke nan. Idan kuwa bushin ne da aka matsa cikin rami, kafin ka fitar da shi ka lura da inda ɓangarorinsa masu rami suke kallo, ka yi alama, sabon ma haka zai zauna. An yi ramukan ne don robar ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata, idan ka juya shi aikin ya lalace. Injin matsawa ya fi, amma doguwar bol mai zare da manyan washa da soket wanda ya fi bushin faɗi suna jawo shi. Idan zoben ƙarfensa na waje ya kama da tsatsa, fitar da robar tsakiya, ka zura zarto ta ramin ka yanka zoben kaɗai, a tsanake don kada ka ci jikin kurosmemba, sai ya saki. Goge ramin da sanfefa. Idan bushin ɗin roba ne zalla, ruwan sabulu za ka shafa masa. Giris da baƙin mai suna cinye roba.

Wajen mayarwa ka ɗaura komai da hannu tukuna, ka daidaita da alamarka, ka ƙulle bol ɗin shasi, ka sauke jak nauyin giyabos ya zauna, sannan ka ƙulle notunan sitin. Wanda ya ƙulle su giyabos na sama ya bar robar a murɗe, ba za ta daɗe ba.

MaiGareji:

Oga Bakanike ya gama bayanin aikin, amma man da Malam ya gani bai kamata a wuce shi ba. Roba ba ta jiƙewa da kanta. Galibi sil ɗin wutsiyar giyabos ne, inda farfela ke shiga, ko sil ɗin gindin sandar giya, ko kuma man injin ne iska ke kwasowa daga gaba. Mai yana kumbura roba ya mayar da ita tiɓis, idan ba a toshe yoyon ba sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi. Wanke wurin, ka yi tuƙi kaɗan, ka ga daga ina sabon mai ke fitowa. Ka duba yawan man giyabos ɗin ma tunda yana zuba.

Sannan injin da giyabos abu ɗaya ne da ke zaune a kan ƙafa uku, sitin injin biyu a gaba, na giyabos a baya. Karkatar gefe da ka ambata, sitin injin ne suka fi tare ta, na baya aikinsa ya fi yawa wajen hana wutsiya hawa da sauka. Saboda haka ni ina zargin aƙalla ɗaya daga na gaba ya tsinke. Lokacin gwajin kuloci a lura ko ɓangare ɗaya na injin yana ɗagawa. Idan yana yi, a canza na gaba duka biyun tare, in ba haka ba sabon na baya shi zai ɗauki wahalar kowa.

Matuƙi:

Na gode maigida. To wane ƙarfi zan ƙulle bol ɗin? Kuma na ga ana sayar da na foliyuretan, wani abu mai kama da roba, ana cewa sun fi roba ƙarko.

MaiGareji:

Littafin motarka shi ne gaba. Idan babu shi, bol mai lamba 8.8 a ka, ƙarfe cikin ƙarfe kuma a bushe, M8, wato mai kaurin milimita 8, yana ɗaukar wajen 25 Nm a sifanar auna ƙarfin ƙulli, M10 wajen 50, M12 wajen 85. Wanda ke shiga jikin alminiyam na giyabos ya kan zama ƙasa da haka, zarensa kuma ba ya yafiya, to a nan kada ka yi ƙiyasi, ka nemo adadin. Bol ɗin da tsatsa ta cinye wuyansa a canza shi da mai lamba iri ɗaya. Bayan 'yan kwanaki na tuƙi ka sake bin su da sifana.

Foliyuretan mai ba ya cin sa kamar roba, kuma zai tsayar da sandar ƙwarai. Illarsa ita ce karkarwa: za ka ji ta a kujera da sandar giya musamman a silo, ƙarar giyabos kuma ta shigo ciki. Ga motar zirga-zirgar yau da kullum ni roba mai kyau nake zaɓa. Idan ka nace, ɗauki mai laushi, wajen 70A a lambar taurinsa, ka bar na 90A da sama ga motocin tsere, kuma giris ɗin silikon da ya zo da shi za ka shafa, in ba haka ba zai dame ka da ƙara. Kada ka haɗa mai tauri a baya da robobin gaba da suka gaji, murɗawar duka za ta koma kan wutsiyar giyabos, alminiyam kuma yana tsagewa.

ƊanFarfela:

Ƙari kaɗan. Sitin da ya zauna yana sauke wutsiyar giyabos, wannan kuma yana canza kusurwar farfela. Kafin ka ɗaura sabon, gwada tsayinsa da adadin da littafi ya bayar, ba da tsohon da ya riga ya lotse ba, domin akwai na kasuwa da ba su kai tsayin asali ba. Kusurwar mahaɗin farfela na gaba da na baya ana son bambancinsu kada ya wuce digiri ɗaya, kowanne kuma kada ya haura uku. Tunda kana ƙasan, girgiza kuros ɗin farfela, wato mahaɗinta, ka ji ko akwai wasa, ka duba robar beyarin tsakiya idan farfelar kashi biyu ce, da faifan robar da ke bayan giyabos a motocin da ke da shi. Ƙwam ɗin nan na sakin totur yana iya fitowa daga ɗayansu.

Kuma kada ka sa ran sandar za ta tsaya cak. Tunda a jikin giyabos take, ɗan motsi idan an taka totur al'adarta ce ko a sabuwar mota. Abin da ya kamata ya tafi shi ne fizgar da bugun. Idan bayan aikin giya tana fita da kanta lokacin sakin totur, buɗe robar da ke rufe gindin sandar ka ga ko sandar tana taɓa bakin ramin bodi, ko robar ta ƙandare tana jan ta baya. Idan duk wannan lafiya lau ne, sai a fara maganar cikin giyabos.