Wace kalma za mu ba "plantation" ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko?

Assalamu alaikum, jama'a. Taimakon masu Hausa a baki nake nema. Kwana uku ke nan ina rubuta wa ɗalibaina darasi kan mulkin Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta riƙe gadon sarautar Ingila daga 1558 zuwa 1603, sai kalma ɗaya ta tsaya mini: plantation. Wanda duk na tambaya, gona yake ce mini ko gandu. Amma fadawan sarauniyar idan suka faɗi wannan kalma, ba rake suke nufi ba, ba auduga ba. Mutane suke nufi.

Bari in ba ku labarin tukuna, don kada mu raɗa wa yaron da ba mu gani ba suna.

A kudancin tsibirin Ailan akwai lardin Munster. Babban basaraken yankin, mai sarautar Desmond, ya yi wa sarauniya tawaye a 1579. Mutanen Ailan 'yan Katolika ne, ita kuwa 'yar Furotesta ce, kuma tun 1570 Paparoma ya riga ya fitar da ita daga cocinsa, saboda haka rigimar ƙasa ta haɗu da ta addini. Sojojinta suka bi lardin suna ƙone amfanin gona suna kore shanu, yunwa ta ƙarasa wanda takobi ya bari. A 1583 aka kashe basaraken. Fada ta ƙwace filayensa da na magoya bayansa, wajen eka 500,000. Aka turo masu awo, aka zana taswira, daga 1586 aka shiga yanka ƙasar ana raba wa Ingilishi: wannan eka 12,000, wancan 8,000, wani 6,000 ko 4,000. Sharaɗin shi ne kowa ya kwaso iyalai daga Ingila ya zaunar da su a rabonsa, kada ya ba ɗan ƙasa haya. To wannan aikin gaba ɗayansa, ƙwacen da awon da kwaso mutanen, shi suke kira plantation. Me za mu ce masa da Hausa?

Na ga amsoshi sun fara shigowa, na gode ƙwarai.

Malam, Allah ya ƙara lafiya, na ga ka tsaya a kan gandu, ka kuma kawo rinji. Idan ana maganar gonakin rake na Jamaika da Barbados, ko gonakin auduga na kudancin Amurka inda bayi suke noma wa ubangijinsu, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Mun san gandun sarki, mun san rinjin da aka zaunar da bayi a ƙasar Kano da Zazzau, babu kalmar da ta fi su dacewa da wancan. Sai dai wannan ma'anar daga baya ta mamaye kalmar, bayan noman rake da bayi ya bunƙasa a ƙarni na 17. A gandu abin da ake so shi ne amfanin gona. A Munster abin da fada take so shi ne a canza mutanen da ke zaune a ƙasar. In na rubuta wa yaro "gandun Munster", zai zaci wata ƙatuwar gona ce mai shinge.

Hajiya, ke kuma kin ce mulkin mallaka ya wadatar, kada mu wahalar da kanmu. Na yi tunanin haka nima a daren farko. Abin da ya hana ni shi ne yadda kunnen Bahaushe yake jin mulkin mallaka: Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kawo Razdan da Di'o, aka ɗora haraji, sarki yana fadarsa, manomi yana gonar ubansa. An mallake mu, amma ba a kwaso iyalai dubbai daga Ingila aka zuba su a Dawakin Kudu aka ce mutanen garin su tashi ba. Abin da ya faru a Munster ya fi kama da na tsaunukan Kenya da na Aljeriya. Mulkin mallaka babbar riga ce, kowa ta rufe shi, ni kuwa wannan nau'in nake so a gane shi shi kaɗai.

Ƙanena mai sauraron rediyo ya tuna mana da 'yan kama-wuri-zauna, wadda gidajen rediyo suke faɗa a kan matsugunan Yahudawa a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Wannan ta matso kusa sosai, kuma tana da daɗi a baki. Inda ta gaza mini shi ne wanda ta ɗora wa aikin. Kama wuri ka zauna, kamar mutum ne ya zo da ƙafarsa ya ga fili ya kafa bukka. A nan kuwa daga Landan aka tsara komai, da takardar fada da hatimi, da yawan iyalan da kowane mai rabo zai kawo. Akwai hannun da ya ɗauko su ya ajiye. Ina son kalmar da za ta nuna hannun nan.

Shi ya sa nake ta dawowa kan dashe. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san shuka daban, dashe daban. Gero shuka shi ake yi. Albasa da tumatir da shinkafar fadama kuwa sai an rene su a wani wuri, a cire su da saiwarsu, a kai su inda aka riga aka share aka gyara, a dasa. Su kansu Ingilishin haka suka ɗauki abin: asalin kalmar tasu daga dasa tsiro take. Francis Bacon, masani ɗan Ingila, a wani rubutunsa na 1625 a kan wannan batu, ya ce ya fi son a yi dashen a ƙasar da ba sai an tumɓuke wasu mutane don a dasa wasu ba, domin wannan ya fi kama da tumɓukewa. Ka ga ke nan sun san abin da suke yi, sun kuma san sunansa.

Wani ɗan'uwa ya ce to mu ce dashen baƙi. Na so ta, sai na tuna mu baƙo raɓa ne, yana da alfarma kuma gobe zai tafi. Waɗannan ba tafiya suka zo yi ba.

Yaya, maganarki ce ta fi tsaya mini a rai, da kika ce dashe kalma ce mai sanyi, kalmar albarka, kada mu wanke wa azzalumi hannu da ita. Gaskiya kika faɗa, kuma akwai mutum ɗaya da labarinsa yake ƙarfafa maganarki. Edmund Spenser, ɗaya daga manyan mawaƙan Ingila na zamanin, ya je Ailan a 1580 a matsayin magatakardan wakilin sarauniya, Lord Grey. A shekarar ne aka karkashe sojojin Paparoma kusan 600 da suka zo taimakon masu tawaye, a Smerwick cikin Munster, bayan sun miƙa wuya, kuma Walter Raleigh yana cikin hafsoshin da ke wurin. Da aka zo rabo, Raleigh ya sami wajen eka 40,000, Spenser ya sami eka 3,000 da ɗoriya tare da gidan ganuwa na Kilcolman. Spenser yana zaune a kan ƙasar ƙwace ya kai wa sarauniya doguwar waƙarsa, The Faerie Queene, wadda aka buga kashin farkonta a 1590, aka yanka masa fam 50 duk shekara. Shi ɗin dai, a wani rubutu daban, ya rubuta yadda ya ga mutanen Munster suna rarrafowa daga dazuzzuka don ƙafa ta kasa ɗaukarsu, suna cin mushe, sannan a cikin wannan rubutu aka ba da shawarar a sake bi da yunwa don a gama da masu tawaye. Wannan yana damuna matuƙa, domin waƙar tana da kyau na gaske, kuma ɗalibin da ya karanta ta bai san daga wace ƙasa ta tsiro ba an zalunce shi. A 1598 mutanen lardin suka tashi, aka ƙone Kilcolman, Spenser ya gudu Landan ya mutu a farkon 1599.

Saboda haka na yarda, dashe ita kaɗai ba za ta ɗauki jinin ba. Sai a haɗa ta da abin da zai yi mata nauyi. Ga abin da na tsaya a kai: dashen mamaya. Dashe ya nuna hannun da ya ɗauko mutane ya ajiye, mamaya ta nuna cewa ƙasar tana da masu ita. Waɗanda aka kawo su zama 'yan dashe. Manyan da suka karɓi fili bisa alkawarin cika shi da mutane su zama 'yan kwangilar dashe, don abin da suka sa wa hannu kwangila ce.

Na gwada ta a wasu wurare in ga ko za ta tsaya. Raleigh ya tura 'yan dashe tsibirin Roanoke a gaɓar Amurka a 1585 da 1587, yankin da aka raɗa wa suna Virginia don girmama sarauniyar da ba ta yi aure ba. Da jirgi ya koma a 1590 ba a tarar da kowa ba, dashen bai kama ba. Hugh O'Neill, jagoran tawayen arewacin Ailan, ya miƙa wuya a ƙarshen Maris 1603, kwanaki kaɗan bayan rasuwar sarauniyar. A 1607 ya bar ƙasar, a 1609 Sarki James na Farko ya fara dashen mamaya a Ulster, lardin arewacin Ailan, da 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan. Wannan kam ya kama, ya yi saiwa, har aka ƙara wa garin Derry sunan Landan a 1613 ya zama Londonderry, kuma daga nan aka gaji rabuwar da ta bar Ailan ta Arewa a hannun Birtaniya a 1921. A duk jimlolin nan ban ji kalmar ta yi mini tuntuɓe ba.

Malam ya dawo ya ce shi "mulkin dashe" ta fi masa sauƙin faɗa. Ban ƙi ba, ranka ya daɗe, idan ana maganar tsarin gaba ɗaya. Amma ga aiki guda, kamar na Munster ko na Ulster, dashen mamaya zan rubuta a darasin ranar Litinin, in bar gandu ga gonakin rake da auduga. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ina jiran ku: a bakinku dashe yana ɗaukar mutum, ko a kan tsiro kawai ya tsaya?