Ƙaramar manhajar gudanarwa a kan Blue Pill: ta ina ake farawa?

Ɗalibi_Samaru: Assalamu alaikum, manya. Muna so mu rubuta wa allon STM32F103C8, wanda ake kira Blue Pill, ƙaramar manhajar gudanarwa (OS), buɗaɗɗiya, don injin ƙyanƙyasar ƙwai: aiki ɗaya ya auna zafi, ɗaya ya juya ƙwai, ɗaya ya kula da allon nuni. Mu datse Linux ne, ko mu fara daga tushe?

Injiniya_Kongo: Wa alaikumus salam. Cire Linux daga lissafi, ƙanena. Allon nan RAM ɗinsa kilobait 20 ne, filash (ma'adanar manhaja) 64, ba shi da MMU, sashen raba ƙwaƙwalwa da Linux ke buƙata. Ko uClinux, Linux ɗin da ba ya buƙatar MMU, sai da RAM na megabait.

Kafin maganar raba ayyuka, tayar da allon tukuna. Filash yana farawa a 0x08000000, RAM a 0x20000000. Kalmar farko a teburin katsewa (jerin adireshi a farkon filash) ita ce saman sitak, wurin ajiyar wucin gadi a RAM, ta biyu adireshin lambar manhaja (code) da za ta fara gudu. Lambar nan ce za ta kwafe .data (bayanan da ke da ƙimar farko) daga filash zuwa RAM, ta share .bss (waɗanda ya kamata su fara da sifiri). In ka tsallake sharewar, abin da ka ɗauka sifiri ne zai tashi da shara. Gwada da ƙaramar fitilar allon da ke ƙafar PC13, amma ka sani sai an ba ta 0 take kunnuwa.

Sannan agogo. Allon yana tashi a megahaz 8, ba 72 ba. In ka sa wa SysTick, mai ƙidayar lokaci, 71999 ba ka kunna PLL mai ninka saurin agogo ba, bugun da kake zaton milisakan 1 ne zai zama 9. Kafin ka hau 72 kuma, sa jinkirin karatun filash ya zama 2, in ba haka ba allon zai sandare.

Malama_Tudun_Wada: A wajen sauya aiki ake shan wuya. Ku yi shi cikin katsewar PendSV, ku ba ta matsayi mafi ƙasa don kada ta tsoma baki ana tsakiyar wata katsewa. Cortex-M3, ƙwaƙwalwar allon, da kansa yake ajiye rajista (ƙananan ma'ajiyoyin cikinsa) takwas. R4 zuwa R11 ku ne za ku ajiye, tare da takwas ɗin farko bait 64 ke nan a sitak ɗin kowane aiki. In kuna shirya sitak ɗin sabon aiki, ku sa 0x01000000 a rajistar xPSR. Mantawa da wannan shi ke jefa mutane HardFault, kuskuren da ke tsayar da manhaja, tun sauyin farko.

Ku ba kowane aiki sitak na bait 512, ku cika shi da 0xA5, ku riƙa duba inda aka ci. Ba MPU mai tsare iyakar ƙwaƙwalwa a wannan allon, sitak ɗin da ya cika zai tattake na maƙwabcinsa shiru. Printf kuwa ku guje shi.

Ɗalibi_Samaru: Mun gode, Malama. OpenOCD fa, manhajar loda wa allo, ya ƙi ganin allonmu ta ST-Link, na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta.

Injiniya_Kongo: Duba lambar shaidar guntun da ya kawo. In 0x2ba01477 ce maimakon 0x1ba01477, kwaikwayo ne, ba na kamfanin ST ba. Gyara CPUTAPID, lambar da OpenOCD ke jiran gani, a fayil ɗin saiti, zai shiga.

Shawarata dai: ku rubuta naku don koyo, amma injin da za a zuba wa ƙwan mutane a ɗora masa FreeRTOS, shiryayyiyar manhajar gudanarwa, lasisinsa MIT ne, wato buɗaɗɗe. In aiki biyu na amfani da layin sadarwa ɗaya na I2C, makullin da ke hana su shiga tare ya zama mai gadon matsayi, wato mai riƙe da shi ya ari matsayin babban aikin da ke jiransa. Rashin hakan ne ya riƙa sake tayar da kwamfutar Mars Pathfinder, kumbon da ya sauka a duniyar Mars, a 1997. Ku kunna IWDG ma, mai sake tayar da allo in ya maƙale, saboda wutarmu da ke rawa, kada allon ya maƙale hita na kunne.