Abokin aiki mai kai sunanka wurin oga: yaya ake yi da shi?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ofis. Ƙanwata tana aiki a wata ma'aikata, wani a sashensu ya sa ta gaba. A gabanta sai fara'a da "ranki ya daɗe", bayan idonta kuma ya shiga wurin oga ya ce tana makara, fayil na kwana a teburinta. Yanzu har an fara yi mata wani irin kallo, ga lokacin ƙarin girma ya matso. Ta tunkare shi ne, ko ta kai ƙara, ko ta yi shiru?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ta fara da shi, ta fara da takarda. Zargi biyu ne, kuma kowanne akwai littafin da zai ƙaryata shi. Na makara, rajistar zuwa aiki: ta sa hannu da lokacin gaskiya kullum, kada ta bari wani ya sa mata, domin ranar da aka gano haka shi ya ci nasara. Na fayil, littafin shige da fice: duk fayil ɗin da ya bar teburinta, masinja ya sa hannu da kwanan wata da wanda aka kai wa. Yawancin fayil ɗin da ake cewa ya ɓata, hannu da hannu aka miƙa shi don ana jin nauyin juna.

Sannan ta sayi ƙaramin littafi, ta ajiye shi a gida, ba a durowar ofis ba. Abu huɗu kawai za ta riƙa rubutawa: rana, lokaci, abin da aka faɗa, da wanda yake wurin. Ban da "munafuki ne", wannan ra'ayi ne, ba hujja ba. Duk ƙarshen mako kuma ta ba oga taƙaitaccen bayani a rubuce, layi biyar ya isa: ga abin da na gama, ga abin da ke jiran sa hannu. Annamimi yana samun kasuwa ne idan oga bai san aikinka ba sai ta bakinsa.

Ƴar Rajista: Ƙari a kan maganar Baba. Idan takardar tuhuma ta zo, ta duba wa'adin da ke jikinta, sau da yawa awa 24, 48 ko 72, kada ta wuce shi. Ta amsa zargi ɗaya bayan ɗaya, ta maƙala kwafin shafukan rajista, kada ta ambaci sunan mutumin ko sau ɗaya. Kwafi biyu za ta yi, a buga mata hatimin karɓa a kan nata. Amsar da babu hatimi, gobe a ce ba ta iso ba. Idan kuma koke za ta rubuta, ya bi ta hannun shugaban sashenta, domin tsallake shi kansa laifi ne a aikin gwamnati. Ta sanar da wakilin ƙungiyar ma'aikata tun da wuri.

Barista: Kotu ta zama ta ƙarshe. Ɓata suna laifi ne a Penal Code, wato kundin dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, sashe na 391 ya bayyana shi, na 392 ya tanadi ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Idan ƙazafin zina ne, wannan babi daban ne a kotun shari'ar Musulunci. Matsalar ita ce shaidu: wanda ya ce mata "na ji da kunnena" ba zai maimaita a gaban alƙali ba, yana tsoron abincinsa. Idan a WhatsApp aka rubuta, ta ɗauki hoton saƙon yadda lamba da kwanan wata za su fito, kuma kada ta sayar da wayar ko ta goge hirar, saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da saƙon ya fito. Kada ta huce haushi a Facebook, nan take za ta koma wadda ake ƙara.

Malam Na Gwale: Ni dai ban yarda a tsallake magana da shi ba. Sau ɗaya, a gaban dattijon ofis da dukansu suke jin nauyinsa, ba a gaban jama'a ba. Ta ce: "An ce ka ce fayil na kwana a wurina, wanne ne, in duba?" Ta tsaya nan, kada ta faɗi wanda ya gaya mata, in ba haka ba gobe babu mai sake gaya mata komai.