Waɗanda suka taɓa ba mai buguwar kai maganin gargajiyar Sin, me kuka gani?

Yayan majinyaci:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya faɗi da babur ranar Asabar, ba hular kwano, ƙeyarsa ta daki bakin kwalbati. Yau kwanansa biyar a gadon asibiti. Idan an kira sunansa yana buɗe ido, amma bai ce uffan ba, ta robar hanci ake ɗura masa kunu. Hoton kai ya nuna jini kaɗan ya taru, likita ya ce ba a kai ga tiyata ba tukuna. Jiya kawunmu ya zo da ƙwaya ɗaya tak a ɗan akwati, girman ɗan goro, an lulluɓe ta da zinari, sunanta Angong Niuhuang. Ya ce tana tayar da mai dogon suma. Inna ta matsa a ba shi yau. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa min, ban da "an ce".

Ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Shekara 11 ina zuwa sarin kaya, na san ƙwayar nan sarai. Sinawa da yawa ajiye ta suke a gida saboda tsohon da zai yanke jiki ya faɗi. Wani likitansu, Wu Jutong, shi ya rubuta haɗin a 1798, kuma asali don zazzaɓi mai gusar da hankali ne. A ciki akwai dutsen matsarmamar saniya, almiski, lu'ulu'u da saiwoyi. A da har da ƙahon karkanda, bayan an haramta shi a 1993 aka koma ƙahon ɓauna. Duk Basinen da ka taɓo da zancenta sai ya kawo maka Liu Hairuo, 'yar jaridar talabijin da haɗarin jirgin ƙasa ya rutsa da ita kusa da Landan a 2002, aka mayar da ita asibitin Xuanwu a Beijing tana dogon suma, aka haɗa mata da wannan magani, ta farfaɗo.

Abin da na gani da idona shi ne mahaifin dillalina. Ya faɗo daga saman gini, na je dubiya sau uku. Sai da aka ɗauki hoto, aka buɗe ƙwaryar kai aka kwashe jini, sannan aka sa masa wata allura mai suna Xingnaojing a ƙarin ruwa, wadda daga wannan haɗin aka samo ta. Likitan da ya yi tiyatar shi ya rubuta, ba 'yan uwa ba. Ya farka bayan kamar mako biyu. Ko tiyatar ce, ko allurar, ko kwana ne ke gaba, wallahi ba zan rantse maka ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ɗan'uwa, ina roƙonka da girman Allah kada ku sa masa komai a baki. Wanda bai iya haɗiya ba, abin huhu yake wucewa. Na yi jinyar wani matashi da kansa ke samun sauƙi, danginsa suka ɗura masa jiƙo da cokali da tsakar dare, gari na wayewa ƙirjinsa na ƙara in yana numfashi, zazzaɓi ya rufe shi. Ciwon huhun ne ya fi ba mu wahala, ba kan ba.

Alhaji bai faɗi abu biyu da ke cikin ƙwayar ba: jan dutse mai ɗauke da zaiba, da wani mai gubar arsenik. Mai rauni irin wannan ƙodarsa na fama da magunguna tun tuni.

Sai na biyu, wanda ya fi tsaya min a rai. Yawancin magungunan Sin na buguwa, irin su saiwar danshen, aikinsu motsa jinin da ya kwanta ne. Ƙaninka kuwa jini ne ya taru a kansa, addu'armu ya tsaya. An taɓa dawo mana da wani dattijo mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya ɗan bugu a banɗaki, 'yarsa ta riƙa dafa masa danshen don ya warware. Da ƙafarsa ya fita, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ya dawo. Danshen na ƙara wa warfarin ƙarfin tsinka jini, wannan sananne ne.

Kada kuma a ce ƙyashin maganin Sin muke. Namu ma an sha kunya. Shekaru ana ba masu buguwar kai sitiroyid, maganin rage kumburi, sai gwajin mutum fiye da 10,000 ya nuna a 2004 cewa ƙara mace-mace yake, aka daina. Abin da ke tsare ƙwaƙwalwa a hannunmu shi ne iska wadatacciya, kada ƙarfin bugun jini ya sauka, a ɗaga kan gado, a hana jijjiga da zazzaɓi, a yi tiyata a kan lokaci.

Ɗalibin likitanci a Sin:
Anti nas ta yi gaskiya, amma a ba su haƙƙinsu. Daga tsoffin littattafansu Tu Youyou ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A buguwar kai dai, binciken da na karanta yawanci a kan ɓeraye ne ko mutane kaɗan. Malamanmu na ɓangaren gargajiya ma ba kowa suke ba ƙwayar ba: sai mai suma da zafin jiki, haƙora a datse. Wanda jikinsa ya saki, yana gumi mai sanyi, sun ce cutar da shi za ta yi.

Matar direba:
Nawa daga baya ne. Wata uku da sallamar Baban yara, ciwon kai da jiri suka hana shi sakat. Ƙanwata da ke karatu a Sin ta aiko da tianma, wata busasshiyar saiwa mai tauri. Na kai wa likitansa, ya duba magungunan da yake sha, ya ce in gwada kaɗan. A farfesun kaza nake sa masa. Jirin ya ragu, a ganina. Mantuwa kam ba ta taɓa ta ba. Yakan riƙe cokali yana kallonsa, sunan ya ƙi zuwa, hawaye su cika masa ido. Takarda na riƙa mannawa a kan buta, ƙofa, madubi, yara na karantawa tare da shi. Sai da muka ci shekara kafin ya iya lissafin canji.

Ɗan acaɓa:
Ni a tasha na sayi wasu kafso masu rubutun Sinanci, ba lambar NAFDAC. Kwana biyu ina amai, ciwon kan na nan. Na zubar.

Yayan majinyaci:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kai wa likita akwatin da safe. Bai yi faɗa ba, ya karanta haɗin a wayarsa, ya ce ba yanzu ba, mu sake magana idan jinin ya tafi kuma ya fara haɗiya da kansa. Kawu bai ji daɗi ba, kuɗi mai yawa ya kashe, sai da na karanta masa labarin dattijon nan ya yi shiru. Inna ta ƙulle ƙwayar a gefen zaninta. Gobe za a sake hoton kai da ƙarfe goma, ku sa mu a addu'a.